Azumin da Na Tsallake Gidan Inna Sa'a

Bana da sanyi azumi ya zo mana. Kafin la'asar sai na yafa mayafi mai kauri, ruwan pompo kuma har cizon yatsu yake yi. Shekaranjiya ina wanke shinkafar buɗa-baki, na bar pompon a buɗe na shiga ɗaki ɗauko wuƙa, kafin in dawo ruwa ya cika roba yana malala cikin rariya. Na daɗe tsaye ina kallonsa ban rufe ba. Wani azumi ne ya faɗo mini a rai, wanda muka yi a nan Tamanrasset shekaru da yawa baya, tun ba a jawo wa garin ruwa daga arewa ba, lokacin da mota ke kawo shi ana aunawa da tano da bido, wato ganga da jarka.

Wancan azumin a tsakiyar zafi ya faɗo. Shekarata biyu da zuwa daga Damagaram, na biyo maigidana Issufu, wanda gini ne sana'arsa. Muna zaune a wani lungu na 'yan Nijar mai gida ashirin da huɗu, duka ɗakunan bulo da rufin kwano. Tun hantsi rufin ke fara ƙara don zafi. Da azahar in ka dafa bango sai ka janye hannu. Kusan kullum da yamma hadari yakan taso baƙi ƙirin ta kan duwatsu, a yi tsawa, iska mai ƙanshin ruwa ta buso, mata mu fito da robobi da tukwane mu jera a tsakar gida, sa'annan ya watse ba ɗigo ko ɗaya. Mu kwashe kayanmu mu koma ciki.

Motar ruwa kwana bibbiyu take zuwa lungun, abin da take ɗaukowa kuma ba ya wuce na gida shida. Ke nan kowane gida sai ya yi kwana takwas kafin layi ya zagayo kansa. Tano biyu gare mu ni da Issufu, a cikinsu za a sha, a yi girki, a yi alwala, a yi wanka. Da ruwan da na wanke shinkafa nake wanke kwanuka. Wanka a tsaye cikin roba nake yi da buta ɗaya da rabi, abin da ya taru a robar in jiƙa kayan aikinsa masu siminti, baƙin ruwan da ya rage in yayyafa a ƙasan ɗaki don mu samu wurin kwanciya. Daga rana ta shida ruwan ƙasan tano yakan yi ɗumi, ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Haka nake tace shi da ɗankwali mu sha.

Tun kafin watan ya kama rigima ta yi yawa a kan layin. Baba Alhaji Mamman, mai shago a kasuwar Assihar, shi ne babban lungun, shi ke rubuta sunayen gidaje da hannunsa. Mutumin Damagaram ne kamarmu, sai mutanen Maradi da na Tasawa suka fara cewa yana fifita namu. Ban san gaskiyar wannan ba. Tsoho ne dai, yana mantuwa. Saura mako ɗaya azumi wasu mata biyu suka kama tiyon motar kowace tana ja, ruwa ya yi ta zuba a ƙasa. Direban ya naɗe tiyonsa ya tafi da sauran ruwan, ya bar saƙo cewa in aka sake irin wannan, lungun ya nemi wata mota. Kowa ya san babu wata.

Ni a lokacin watana biyu ina zuwa koyon ordinatar, wato kwamfuta, wurin Malama Takna. Mutuniyar Agadas ce, Tamahak ne harshen gidansu, amma Hausarta ta fi ta wasunmu. Ta yi karatu a arewa, aure ya zaunar da ita a nan, ta ware ɗaki guda a gidanta ta sa ordinatar uku da na'urar buga takarda. Na kai ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, kafin in yi aure, kuma lissafi ne kaɗai abin da ban taɓa jin tsoronsa ba a lekkol. Da ta gane haka sai ta ce ba buga wasiƙa za ta koya mini ba. Za ta koya mini yadda ake rubuta wa na'urar umarni ne, mataki bayan mataki, har ta yi aikin da kanta.

Mako ukun farko ba ta bar ni na taɓa na'ura ba. A kan tabarma muke zama, ta jera ƙananan kofunan shayi, ta zubo ƙwallon dabino a faifai.

"Wannan kofin mun sa masa suna," in ji ta. "Abin da kika zuba a ciki shi ke ciki. In kin zuba sabo, tsoho ya tafi. Na'ura ba ta san komai ba sai abin da ke cikin kofi."

In kofuna da yawa suka jeru a ƙarƙashin suna ɗaya, kowane da lambarsa, wannan shi take kira tablo. Wata rana ta zuba ƙwallo bakwai a wani kofi, biyu a wani, tara a wani, haka har kofi takwas, ta ce in jera su daga ƙarami zuwa babba, amma ba ni da izinin duba fiye da kofi biyu a lokaci guda.

"Malama, ai ina ganin ƙaramin, ga shi can."

"Ke kina gani, Zuwaira. Ita ba ta gani. Bibbiyu take lalubawa, sauri ne kawai gare ta."

Kwana uku na yi kafin in gane cewa in na bi jerin ina musanya duk maƙwabta biyun da suka saɓa, na koma farko na sake, na sake, a ƙarshe kowa yana isa wurinsa. Wannan komawa da sakewa har sai aiki ya cika, shi ne bukul. Ta koya mini tari da faya-fayai, wanda aka ɗora ƙarshe shi ake fara ɗauka. Ta koya mini layi, wanda ya fara zuwa shi ke fara tafiya. Ta ba ni ƙamus ta ce in nemo kalma ina buɗe tsakiya, ina jefar da rabi, ina sake buɗe tsakiyar abin da ya rage. 'Yan matan da nake koyarwa yanzu duk wannan a waya suke kallonsa, da launi, kofunan suna tsalle da kansu. Ni da yatsuna na koye shi, suna danƙo da dabino.

Ranar da muka hau na'ura ta ce in rubuta abu ɗaya a bangon kayena, littafin da nake rubuta darasi a ciki: a harshen da muke koyo, kofin farko lambarsa sifili ce, ba ɗaya ba. Na rubuta, har na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Issufu ne ya kai labarina kunnen Baba Alhaji, don alfahari. Kwana biyu bayan rigimar tiyo sai aka ce yana kirana.

"'Yata, an ce kina iya sa na'ura ta fitar da layi."

"Ina dai koyo, Baba."

"Na'ura ba ta da ɗan'uwa a Damagaram, ba ta da shi a Maradi. Ita nake so ta riƙa faɗin gidan da za a ba ruwa. Na gaji da zargi da furfurata."

Ya kamata in ce ya dakata Malama ta dawo. A makon nan ta tafi In Amguel jinyar surukarta, ta bar mini makullin ɗakin don in riƙa maimaita darasi. Amma dattijon da duk lungu ke rusuna wa yana zaune yana jiran amsata, ga maza uku a gefe suna kallona. Na ce to. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji.

Kwana huɗu na yi ina rubutawa. Na zuba sunayen gida ashirin da huɗu a tablo, bisa yadda suke jere daga bakin lungu zuwa ƙuryarsa. Na yi wata alama mai tafiya kamar yatsa a kan jerin: kowace ranar mota ta nuna gida shida, ta tsaya inda ta kai, in ta isa ƙarshe ta koma farko. Sau ba iyaka na'urar ta ƙi karɓa saboda na mance ɗigo ko baka. A rana ta huɗu sunaye suka fito, shida-shida, tsaf. Na gwada sau da yawa. Na nemi gidanmu na gan shi, na nemi na Baba Alhaji na gan shi, na nemi na matan nan biyu masu faɗa na gan su. Na rufe ɗakin ina murmushi ni kaɗai a hanya.

Daren da aka ga wata, bayan magariba, Baba Alhaji ya tara mazan lungu ya kafa doka. Za a liƙa takardar a ƙofarsa kowace ranar mota. Duk wanda ya yi jayayya da abin da ta fitar, za a tsallake gidansa zagaye guda. Kowa ya yarda, don kowa ya gaji.

Makon farko lafiya ƙalau. Da sassafe nake zuwa in buga takardar kafin a ɗauke kuran, wato wutar lantarki, don da rana ta ɗaga yakan tafi, wani lokaci sai la'asar. In na dawo in liƙa, mutane su taru, kowa ya nemi sunansa ya wuce. Direba ya daina ɗaure fuska. Mata suka fara kirana Madam Ordinatar. Issufu kuwa tun asuba suke hawa gini don su tashi da azahar, ya dawo leɓunansa sun yi fari sun tsattsage, ya kwanta rigingine a ƙasan da na yayyafa wa ruwa. Ni ina bakin murhu ina dama kunun tsamiya, gumi yana shiga idona, ina lissafin ludayi nawa na ɗiba daga tano yau. In an kira salla mu ci dabino uku-uku, mu sha ruwa a hankali, don in ka kwankwaɗa cikinka zai murɗa.

Gidan farko a bakin lungu na Inna Sa'a ne. Mutuniyar Tasawa ce, ta haura sittin. Ɗanta Haruna ya faɗo daga saman gini shekarar da ta gabata, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya motsi, shi ne ta ratso hamada ta zo jinyarsa. Babu gidan da ya kai nasu bukatar ruwa, don kullum sai ta wanke shi, ta wanke shimfiɗarsa. Ba ta yi lekkol ba, ba ta karanta takarda. Kuma ba mai yawan magana ba ce.

Ranar takwas ga azumi ina dawowa da takarda a hannu ta tare ni a ƙofarta.

"Zuwaira, sannu da rana. Sunana bai fito ba?"

Na duba. "Yau babu, Inna."

"Na ga kamar kwanakin sun cika. Jajibirin azumi aka zuba mana."

"Na'ura ba ta kuskure, Inna. In layinku ya zo zai fito."

Ta dubi ƙofar Baba Alhaji, ta dube ni.

"To, ba jayayya nake ba," in ji ta. "Tambaya ce kawai."

Ta koma ciki. Ni kuma na wuce, don rana ta fara cin ƙeyata.

Bayan kwana huɗu na hango ta da bido a ka, tana tahowa daga wajen wani masallaci mai nisa inda ake barin mutum ya ɗibi kaɗan in ya roƙa. Tana tafiya tana tsayawa, tana dafa bango. Da yamma na ce wa Issufu, Inna Sa'a tana ƙarar da ruwanta da wuri, wankin ya yi mata yawa. Ya ce Allah ya ba Haruna lafiya. Iyakar abin da muka ce ke nan.

Ranar sha bakwai aka yi ruwa a kan duwatsu, mu ko yayyafi ba mu samu ba. Da hantsi aka ce kori, busasshen rafin garin, ya kawo ruwa. Rabin lungu muka tafi kallo. Ruwa ja wur, yana tafe da itace da duwatsu yana ruri, ya ratsa gari ya wuce kudu, ba mai iya ɗibar ko kofi ɗaya saboda laka da ƙarfinsa. Muna tsaye da azumi a bakinmu muna kallo. Muna dawowa muka tarar da taro a kan hanya. Inna Sa'a ce kwance a ƙasa, bidon ya fashe a gefenta, ƙasa ta riga ta shanye ruwan. Idanunta a buɗe amma ba ta gane kowa, jikinta zafi kamar dutsen guga, ba ɗigon gumi. Maza suka ɗauke ta a bayan wata mota zuwa likita.

Mu mata muka shiga gidanta don mu duba Haruna. Warin ɗakin ne ya fara tare mu. Wata ta buɗe tano na farko, ta buɗe na biyu. Busassu ne ƙayau, har yashi ya kwanta a ƙasansu.

"Tun jajibiri mota ba ta tsaya mana ba," in ji Haruna, fuskarsa a bango. "Na ce ta yi magana. Ta ce a'a, kada a ce ta yi jayayya a ƙara mana wasu kwanakin."

Ba wadda ta dube ni. Na fi son a ce sun dube ni.

Kafin azahar magana ta zagaye lungu, amma ba sunana ake kira ba. Cewa ake Baba Alhaji ne ya sa aka cire tsohuwar saboda ba ta Damagaram ba ce, takardar rufa-ido ce kawai. Idi mai walda, wani Bamaraɗe mai zafin zuciya, ya ce gobe in mota ta zo babu gidan Damagaram da zai ga ɗigo, ko da za a yi me. Gobe kuwa ranar mota ce.

Na ɗauki makulli na nufi ɗakin Malama da sauri. Babu kuran. Na danna na'urar sau uku kamar zai dawo don ni. Ɗakin a rufe ya wuni, numfashi ma da ƙyar. Na zauna a tabarma, na buɗe kayena inda na kwafe abin da na rubuta, na jawo kofunan shayi. Na jera guda huɗu kawai, na ce gida huɗu ne, na sa lamba a gaban kowane yadda na'ura ke yi: sifili, ɗaya, biyu, uku. Na ɗora ƙwallon dabino a matsayin alamar nan mai tafiya, na bi rubutuna layi-layi, ba abin da nake nufi ba, abin da na rubuta.

Wurin zuba sunaye misalin Malama na kwafa, shi kuwa daga sifili ya fara. Inna Sa'a, gidan farko, ta shiga kofi na sifili. Wurin tafiyar alama da kaina na rubuta. Na sa ta fara daga ɗaya. In ta kai ƙarshe na ce ta koma ɗaya. Ƙwallon ya bi ɗaya, biyu, uku, ya dawo ɗaya, biyu, uku. Na zagaya da shi sau biyar. Ko shekara za a yi ba zai taɓa kofin farko ba.

Sai na tuna a zagaye na biyu wasu mata suna murna wai layi ya ɗan yi sauri. Gida ashirin da uku muke ta raba ruwan gida ashirin da huɗu. Har da ni na sha nata.

Na juya bangon kayen, ga layi biyun da na ja da hannuna. Na kwashe kofunan, na kulle ɗakin, na nufi gida.

Issufu yana kwance na gaya masa. Ya tashi zaune.

"Wa ya sani?"

"Ni da kai."

"To ki gyara da safe, ki sa sunanta a sama. In mutane sun ga an ba ta, magana ta mutu."

"Malam, ba za ta mutu ba. Za su ce Baba Alhaji ya ji tsoro ne ya mayar da ita."

"Kin san Idi. In tsohuwar nan ta cika a likita, kin san abin da za a kira ki a lungun nan? Ni ne zan riƙa fita cikin mazan nan kullum."

"Na sani."

"A nan muke zaune, Zuwaira. Ba mu da wani wurin."

Na ɗaure kofuna huɗun a gefen mayafina. Ya dube ni, ya dubi ƙullin, ya jawo rigarsa ya sa. Bai ce ya yarda ba, amma ya biyo ni.

An idar da la'asar, maza sun taru a ƙofar Baba Alhaji, muryoyi sun fara hawa. Tsohon yana zaune a kujerarsa da carbi, yana ta cewa shi bai taɓa takardar ba, ba mai saurarensa. Ban taɓa magana a gaban maza masu yawa haka ba. Na durƙusa a gefe na yi sallama sau biyu kafin a ji ni.

"Baba, ba kai ba ne. Ni ce."

Na kwance kofunan na jera a ƙasa, na nuna musu da tsakuwa yadda alamar ke zagayawa tana barin na farko. Muryata tana fita kamar ta wata. Da na gama Idi ya matso ya tsuguna yana kallon kofunan.

"Wato ba wanda ya ce ki cire ta."

"Babu."

"Wa zai tabbatar mana?"

"Takardun duka suna nan, Malam Idi. Ka duba, gidajen Maradi da Tasawa kowa ya samu, har sau biyu, wasu sau uku. Gidan farko ne kawai babu. Da gidan Baba Alhaji ne a bakin lungu, shi za ta tsallake."

Aka ɗauko takardun, wani mai karatu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunaye. Ya ɗauki lokaci. Ina durƙushe, tsakuwa tana cin gwiwata. Da ya gama ya ce haka ne.

"Ta taɓa tambayarki?" in ji Idi.

Issufu ya motsa a bayana. Da na ce a'a, ba mai ƙaryata ni a wurin.

"Ta tambaye ni. Ranar takwas ga wata. Na ce mata na'ura ba ta kuskure."

Wani ya ja tsaki. Wani ya ce abin da ke faruwa ke nan in an ba mace abin da ya fi ƙarfinta. Idi ya miƙe ya karkaɗe wandonsa. Baba Alhaji ne ya ɗaga hannu.

"Yarinyar nan ta faɗi nata. Ni ma in faɗi nawa. Dokar hana magana ni na kafa ta, don in huta. Daga yau babu ita. Gobe mota daga gidan Sa'a za ta fara. Yanzu kuma kowane gida ya kai bido ɗaya can kafin a sha ruwa."

Issufu ya ce namu zagayen na gaba duka a ba su. Ban san zai faɗi haka ba. Kwana takwas ɗin da suka biyo da ragowar tano ɗaya muka yi su, da abin da maƙwabta biyu suka ɗan sammana, sauran kuwa ko gaisuwata ba sa amsawa sosai. Washegari mota ta zo, aka zuba, ba wanda ya taɓa tiyo. Idi yana tsaye a bakin lungu hannu a ƙirji har ta tafi.

Gyaran kansa lamba biyu ce kawai na canza. Amma daga ranar, kafin a liƙa takarda sai an karanta sunayen gida ashirin da huɗu da ƙarfi, kowane gida ya faɗi ranar da aka zuba masa. Da Malama Takna ta dawo na ba ta labari ina jiran faɗa. Ta karɓi kayen ta duba.

"Kin gwada na farko da na ƙarshe?"

"A'a. Waɗanda na sani na nema."

"Gobe ki zo da wuri," in ji ta. "Za mu koma tabarma."

Kwana uku Inna Sa'a ta yi a likita ana ƙara mata ruwa. A kwanakin mata ke karɓa-karɓa wurin kai wa Haruna abinci, maza biyu suna wanke shi. Ranar da aka sallamo ta na jira mutane suka ragu, bayan la'asar, na shiga. Tana zaune a tabarma ta jingina da bango, ta rame, idanunta sun faɗa. An riga an gaya mata komai. Na durƙusa na ce ta yafe mini, na fara yi mata bayanin kofuna da sifili.

"Bar shi," in ji ta. "Ba zan gane ba."

Na bar bayanin.

"Ita na'urar ba ta san ni ba, ban ji haushinta ba. Ke kin san ni. Kullum ta ƙofata kike wucewa."

Haruna ya juyar da kai. Ƙuda yana yawo a bakin kwanon kunu, ba wanda ya kore shi.

"Na yafe," in ji ta can. "Wata ne mai alfarma, ba zan riƙe ki ba. Ga zannuwan gadonsa can a roba, hannuna ba ya iya matsa tukuna."

Na ɗauki robar na fita tsakar gida. Haka na riƙa zuwa kowace safiya har aka yi Salla, in wanke in shanya in tafi. Tana amsa gaisuwata, wani lokaci har ta tambayi Issufu. Amma a bangon zaurenta, daidai inda take zama, na ga ta fara jan layi da gawayi. Duk ranar da ta ji ƙarar motar ruwa sai ta ja ɗaya. In sun kai huɗu ta fito da kanta tun kafin a liƙa takarda, ta buɗe tano-tanonta, ta tsaya a bakin ƙofa tana jira. Har suka koma Tasawa bayan babbar Salla, ita da Haruna a bayan wata babbar mota, bangon nan take bi.